Yadda Ake Daidaita Zafin Obin Wajen Gasa Yumɓun Folima a Gida

Tun bayan bikin da na yi wa ƙawayen amarya 'yan kunne iri ɗaya a Rafin Daɗi, wayata ba ta huta ba. Masu tambayar farashi kaɗan ne. Mafi yawa 'yan'uwa ne da suka sayi yumɓun folima, wannan yumɓun roba mai launi-launi da ake gasawa a obin, suka gwada a gida abin ya ƙi. Wata ta ce nata ya fito kamar ƙanzon shinkafa. Wata ta ce nata ya fito tas, amma da ta zo huda shi sai ya ɓalle gida biyu kamar biskit. Wata kuma a tire ɗaya ta kwashi duka biyun: na can ciki sun ƙone, na bakin ƙofa ɗanyu shataf.

Duk ciwo ɗaya ne. Zafin da ke cikin obin ba shi ne lambar da kika murɗa ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kek yana yafe wannan, in ya yi duhu kaɗan a kankare a shafa mashi kirim. Yumɓun folima ba ya yafewa. Ga yadda nake bi da nawa, daki-daki. Da mata nake magana don su suka fi tambaya, maza masu sana'ar ku yi haƙuri ku tsinci naku.

Abin da za ki tanada: ma'aunin zafi na obin, tayil biyu ko uku, farantan foyil masu zurfi guda biyu irin na zuba abincin biki, kilif na ƙarfe irin na haɗa takardu, farar takarda marar rubutu, biredi yanka shida, littafi da biro. A cikinsu ma'aunin ne kawai zai ci maki kuɗi, shi ma kuɗinsa bai wuce na ƙullin yumɓu biyu ko uku ba. Tayil kuwa, ki tsaya duk inda ake gini ki roƙi gutsattsarin da aka yar. Ni ban taɓa sayen ko ɗaya ba.

1. Karanta bayan ledar

Kowane kamfani da zafinsa. Fimo yana son digiri 110 na minti 30. Cernit daga 110 zuwa 130. Kato ya fi su son wuta, 150. Sculpey da Premo 275 ake rubutawa da harafin F a bayansa, wato kusan 135 a ma'auninmu na C, wasu ledojin kuma 130 suke bugawa. Premo yana son minti 30 ga kowane kauri na milimita 6, kusan kaurin fensir ke nan.

Gargaɗi: ki duba harafin da ke bayan lambar. Obin ɗin da ake sayarwa a nan yawancinsu da C suke, amma na gwanjo da suka fito daga Amurka da F suke. Ƙanwar maigidana ta kira ni wata la'asar tana tari, ta ce, "Anti, an rubuta 275, nawa kuma a 250 ya ƙare, shi ne na kai shi ƙarshe." Na ce, "Maza kashe, ki buɗe tagogi, ki fitar da yara tsakar gida, sannan mu yi magana." Ta kusa ninka zafin da ake so. Abin da ta ciro daga baya ya yi baƙi ƙirin ya kumbura kamar tayar da aka ƙona.

Idan yumɓunki irin wanda ke zuwa cikin kwali ne, kala ashirin ko talatin babu sunan kamfani, kada ki zuba mashi aikin kwana uku kafin ki san halinsa. Ki yanki 'yan ƙanana ki gasa a 110, wasu a 120, wasu a 130, ki ga wanne ya yi ƙwari. Ki kuma tabbata na gasawa ne. Akwai mai bushewa da iska, akwai na wasan yara mai maiƙo wanda narkewa yake yi in ya ji zafi. Kuma komai irinsa, ba a saka shi a maikurowef.

2. Ki sayi ma'aunin zafi, ki kuma gwada shi

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, shi ya sa ake kuka. Iri biyu nake amfani da su. Akwai mai allura kamar fuskar agogo, wanda ake ratayawa ko a tsayar a kan ragar obin. Yana da araha, ba ya son batir, amma yana da nawa: zafi zai iya hawa ya sauka kafin allurarsa ta gama motsi. Akwai kuma mai tsinken ƙarfe da doguwar waya, tsinken yana ciki lambar tana waje. Shi ya fi, domin yana nuna maki hawa da sauka nan take ba sai kin buɗe ƙofa ba. Ki tambaya wajen masu sayar da kayan kek a Babbar Kasuwar Katsina, in ba a samu ba ki ba masu zuwa Kano sautu, ko ki yi oda ta intanet tare da yumɓun.

Gargaɗi: na asibiti ba ya wannan aiki, iyakarsa zafin jiki. Mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa shi ma fatar abu yake aunawa, ba iskar da ke cikin obin ba.

Shi ma ma'aunin ba waliyyi ba ne. Idan mai tsinke ne, ki tafasa ruwa ki tsoma bakin tsinken kawai ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. A nan Katsina, da yake muna kan tudu sama da bakin teku, ruwa yana tafasa a wajen 98. In ya nuna maki 97 zuwa 100, lafiyarsa ƙalau. In ya ce 90, ki san cewa yana rage kusan takwas, ki riƙa ƙarawa a ranki. Mai allura ba a tsoma shi a ruwa. Ki ara na maƙwabciya ki jera su biyu a obin ki ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

3. Gwada obin ɗin babu komai a ciki

Ki ware awa ɗaya ranar da wuta ta zauna. Ki sa raga a tsakiya, ki ɗora ma'aunin a tsakiyar ragar inda za ki iya hango shi ta gilashi, ki murɗa zuwa lambar da yumɓunki ke so. Sai ki zauna da littafi, duk minti biyar ki rubuta abin da ya nuna. Kada ki buɗe ƙofa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Obin ba ya riƙe zafi a lamba ɗaya kamar yadda muke zato. Ƙarfen da ke yin ja yana kunnuwa da dukan ƙarfinsa, in zafi ya kai sai wani ɗan abu da ake kira tamostat ya kashe shi, wannan ƙarar "ƙas" da kike ji. Amma ƙarfen bai huce ba, yana ci gaba da feso zafi, sai zafin ya zarce. Daga nan ya yi ta sauka har ya faɗi ƙasa da yadda ake so, a sake kunnawa. Haka yake ta lilo. Mafi munin zarcewar ita ce ta farko, lokacin da obin ya taso daga sanyi, kuma ƙananan obin na kan tebur sun fi manya wannan hali saboda cikinsu ƙarami ne, ƙarfen yana dab da kaya.

Ranar da na fara gwada nawa, ɗan ƙarami na gwanjo, na murɗa shi a 130. Cikin minti goma ya haura 160. Ya gangaro har 115, ya sake hawa 145. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina kallon allura, sai a lokacin na gane abin da ya cinye mani fararen 'yan kunne guda arba'in ana saura kwana uku Sallah. Da na yi ta zargin yumɓun, har na yi wa wadda ta sayar mani ƙorafi. Ashe ɓarawon yana cikin kicin ɗina.

In kin ga haka, ki rage ko ki ƙara kaɗan, ki jira minti 15, ki sake karantawa, har ki sami wurin da lilon yake kewaya lambar da kike so. Ki ɗiga jan farce ko ki ja layi da maka a daidai wurin. Daga yau wannan ɗigon ne lambarki, ki manta da abin da kamfani ya rubuta. Idan kina aiki da yumɓu iri biyu, ɗigo biyu kala daban-daban.

Kafin ki kashe, ki yi gwajin biredi. Ki ƙara wuta zuwa 180, ki jera yanka shida su cika ragar, ki ba su 'yan mintoci. Wanda ya fara yin ja, nan ne wurin da obin ɗinki ya fi zafi. Yawanci can baya ne ko wata kusurwa. Ki ɗauki hoton ragar da waya kafin ki kwashe. Biredin kuma a sha shayi da shi.

4. Zuba mashi tayil

Maganin lilo shi ne a sa wani abu mai nauyi da zai sha zafi ya riƙe. Duk wadda ta taɓa taka dandamalin siminti da daddare a watan Afrilu ta san yadda yake ajiye zafin rana har bayan Isha. Haka tayil yake yi a obin: in zafi ya yi sama ya shanye wani, in ya yi ƙasa ya mayar. Bayan na sa tayil biyu, lilon nawa ya ragu sosai, ya koma 'yar tazara kaɗan sama da ƙasa da 130.

Ki sa ɗaya a kan ragar da za ki ɗora kaya. In obin ɗin yana da raga ta biyu, ki sa wani a ƙasa tsakanin ƙarfen da kayan. Ki bar tazarar yatsa biyu ta kowane gefe don iska ta zagaya. In tayil ya toshe daga bango zuwa bango, ƙasa za ta yi ta tafasa sama tana sanyi.

Gargaɗi: kada tayil ya zauna a kan ƙarfen da ke yin ja. A obin na gas kada ya rufe ramukan da ke ƙasa. Ki wanke shi ya bushe sarai, ki saka shi tun obin yana sanyi su yi zafi tare. Jiƙaƙƙen tayil ko mai sanyi da aka jefa cikin zafi tsagewa yake yi.

Da tayil a ciki, ɗumama obin zai ƙara ɗaukar lokaci. Ki ba shi minti 30, da sanyin safiyar hunturu ma fiye. Ki sake duba ɗigonki, wataƙila ya ɗan gusa.

5. Yi wa kayan ɗaki a cikin ɗaki

Ko ma'auni yana cewa 130, zafin da ke fitowa kai tsaye daga jan ƙarfe yana iya babbaka saman kaya, kamar yadda mai zama kusa da murhu fuskarta ke zafi bayanta na sanyi. Fari da wanda haske ke ratsawa da kalar fata su suka fi saurin nunawa, su koma ruwan ƙasa-ƙasa. Saboda haka ban taɓa gasa komai a buɗe ba tun bayan waccan Sallar.

Ki ɗauki farantin foyil ɗaya, ki shimfiɗa ɗan tayil a ciki, ki ɗora farar takarda a kan tayil ɗin, ki jera kayan a kan takardar. Ki kifa faranti na biyu a sama, ki danne gefe biyu da kilif. Shi ke nan. In ba ki da farantan, kwanon silba biyu ko tsohuwar ƙaramar tukunya mai murfin ƙarfe za su yi. Takardar foyil da aka lanƙwasa kamar rumfa ita ma tana yi, sai dai a obin mai fanka iska na iya ɗaga ta ta manna a jikin ƙarfe.

Takardar tana hana bayan kayan yin wani sheƙi-sheƙi a inda suka taɓa tayil. Kada ki ji tsoro, takarda ba ta kamawa da wuta a 130, muddin ba ta taɓa jan ƙarfe ko harshen gas ba. Amma marar rubutu nake nufi. Jarida ko tsohuwar takardar jarrabawa tawadarta na manne wa yumɓu, ki wayi gari da labarin siyasa a bayan ɗan kunne.

Masu zagaye, irin duwatsun sarƙa da na abin hannu, in aka ajiye su a fili gindinsu yana bajewa. Ki zuba garin kwanfulawa ko bekin soda a farantin kamar kaurin yatsa biyu, ki binne su ciki. Garin yana tallafe su, yana kuma kare su daga zafin kwatsam. In sun huce ki wanke da ruwa. Ki ƙara masu minti 10 zuwa 15, don garin ma sai ya yi zafi kafin zafin ya kai gare su.

Ko sau ɗaya ki saka tsinken ma'aunin cikin wannan ɗan ɗakin, ki ga minti nawa yake ɗauka kafin cikinsa ya kai lambar. Nawa yana ɗaukar kusan minti goma. Wannan mintunan ba sa cikin lissafin gashi.

Gargaɗi: farantin da wuƙa da abin murji da suka taɓa yumɓu sun bar harkar abinci har abada. Ki ɗaura masu alama, don mai aiki ko yara kada su mayar da su cikin kwanuka.

6. Saka kaya da ƙirga lokaci

Sai allura ta zauna a inda kike so na aƙalla minti goma. Sannan ki buɗe, ki tura, ki rufe da sauri. Tsakiyar raga, nesa da kusurwar da biredi ya nuna maki. Zafi zai faɗi saboda buɗewar. Kada ki taɓa abin murɗawa, zai dawo da kansa. Sai ya dawo za ki kunna agogo.

A nan nake saɓa wa abin da ke jikin leda. Mintunan da suka rubuta mafi ƙaranci ne, kuma sun ɗauka obin ɗinki mai gaskiya ne. 'Yan kunnena ba su wuce kaurin milimita 2 zuwa 3 ba, amma minti 45 nake ba su, wani lokaci awa guda. In zafi daidai ne kuma kayan a rufe suke, daɗewa ba ta ƙona su, ƙwari take ƙara masu. Iyaka masu haske su ɗan yi duhu kaɗan, shi ya sa rufin yake da muhimmanci. Kuskuren da ake yi shi ne juya abin: a ƙara wuta don a rage lokaci, saboda ana tsoron a ɗauke wuta ko mai kaya tana hanya. Wasu kuma tsoron ƙonewa ke sa su rage wuta zuwa 90 ko 100 su bar shi awa biyu. Shi ma bai yi ba. In zafin bai kai lambarsa ba, ƙwayoyin robar ba za su haɗe ba ko da kwana ya yi. Zai yi tauri a ido, ya karye a kunnen mai saye.

Gargaɗi: agogon da ke jikin ƙananan obin yana kashe wuta in ya ƙare, kuma yawancinsu awa ɗaya ne iyakarsu. Kin riga kin cinye minti 30 wajen ɗumamawa, don haka ki sake murɗa shi lokacin da za ki saka kaya. Kuma a bar leƙe. Duk buɗewa ɗaya tana zubar da zafi, tamostat ya kunna ƙarfe da ƙarfi, lilon da muka yi wahalar kashewa ya dawo.

Idan obin ɗinki yana da zaɓin wutar sama kaɗai, irin ta gasa nama, ki guje ta. Sama da ƙasa tare ake so, in akwai fanka ki kunna, tana rarraba zafi.

7. Idan an ɗauke wuta

Za a ɗauke, sai dai in ba a garin nan kike ba. Abu na farko, kada ki buɗe ƙofa. Ki duba agogo. In saura minti biyar ne daga cikin 45, tayil zai ƙarasa maki aikin, ki bar su su huce a ciki. In a farko ko tsakiya ne, babu abin da ya ɓaci. Yumɓun folima ana sake gasa shi sau biyu, sau uku. Ki kashe makunnin obin ɗin nan take, ki bar kayan su huce, ki taɓa su a hankali don a wannan hali suna da saurin karyewa.

Gargaɗi: in an maido da wuta, ki fitar da kayan tukuna, ki ɗumama obin daga farko, sannan ki mayar ki ƙirga lokaci sabo. Wadda ta bar obin a kunne ta fita unguwa, aka kawo wuta ba ta nan, wannan zarcewar ta farko a kan kayanta za ta sauka.

Wuta marar ƙarfi ita ma wata matsala ce. In kin ga fanka tana juyi kamar mai jin barci, ƙarfen obin ba zai yi zafi yadda ya saba ba, ɗigonki ba zai yi aiki ba. Ma'auni ne zai faɗa maki gaskiya. Ni kan duba lokacin da layinmu ya fi samun wuta mai ƙarfi in tara aikin mako in gasa a tashi ɗaya.

Game da inji: ƙananan obin suna jan wat 1,200 zuwa 1,500, ki duba bayan naki an rubuta. Ɗan ƙaramin janareta na kunna fitila da talabijin ba zai ɗauka ba. Inbata ta sola ma sai kin tambayi wanda ya haɗa maku. Kada ki jona obin a siririyar wayar ƙari, narkewa take yi. Soket na bango kai tsaye. Kuɗin wuta kuwa ba abin tsoro ba ne. Obin mai wat 1,500 ko bai huta ba awa guda yunit ɗaya da rabi yake ci, kuma a zafin 130 ba duk lokacin ƙarfen yake a kunne ba.

8. Obin na gas da tukunyar yashi

Obin ɗin da ke ƙarƙashin kukar gas iri biyu ne. Mai tamostat yana da lambobi, lamba 1 kusan digiri 140 ce, don haka ƙasa da ita kike nema, rabi ko kwata. Da yawa kuma ba su da tamostat ko kaɗan, harshen wuta kawai ake ragewa, kuma ko an kai ƙarshen ragewa zafin yana wuce abin da yumɓu ke so. Ki yi mashi gwajin mataki na 3. In ya ƙi sauka, ki ƙara tayil, ki sa bakin muciya a ƙofa ta ɗan buɗe kamar faɗin yatsa. Dole taga a buɗe, yara kuma nesa.

Gargaɗi: ƙaramin harshen gas yana mutuwa ba ki sani ba. In ya mutu, ki rufe gas, ki buɗe ƙofar obin da tagogi, ki jira warin ya fita gaba ɗaya kafin ki ƙyasta ashana.

Da yawa sun tambaye ni tukunyar yashi, wadda iyayenmu suka daɗe suna gasa kek da ita. Tana yi, na gwada, amma tana son zama a kai. Ki sami babbar tukunya mai kauri da kika yafe. Ki zuba yashi mai tsabta, busasshe ƙarau, kaurin yatsu uku. Ki kafa zoben ƙarfe ko gwangwanayen madara uku marasa takarda, ki ɗora ɗan ɗakin foyil ɗinki a kai, kada ya zauna kan yashin, don yashin da ke gindi ya fi iskar tukunyar zafi nesa ba kusa ba. Tsinken ma'auni ya shiga ta ƙarƙashin murfi ya tsaya daidai inda kayan za su zauna. Ba tare da ma'auni mai waya ba, kada ki fara.

Ki kunna gas a ƙaramin kai, wuta can ƙasa. Ga sirrin: yashi yana da jinkirin ɗauka da jinkirin saki. In kina neman 130, ki rage wuta tun yana 110, domin zai ci gaba da hawa da kansa. In kika jira ya kai 130 kafin ki rage, sai ya kai ki 160. Ki bar shi ya zauna minti goma, sannan ki saka kaya. Daga nan aikinki kallon lamba ne, in ta doshi sama ki kashe na ɗan lokaci, in ta fara gangarowa ki kunna. Ki yi a inda iska ba ta kaɗawa. Iskar hunturu tana kwashe zafin gefe ɗaya, ga ƙurar da ke manne wa ɗanyen yumɓu kafin ma ya shiga tukunya.

Gawayi kuwa, ban ba da shawara ba. Goggona ta ce mani, "Ke ɗiyar nan, shekara nawa ina kek a kurfoti bai taɓa ƙone mani ba?" Na ce, "Goggo, ke hanci ne ma'auninki, kina jin ƙamshi ki san ya yi. Wannan kuwa in har kika ji warinsa sosai, to an riga an yi asara." Garwashi ba ya ragewa da murɗawa, kafin ki kwashe wani zafin ya wuce.

9. Hucewa da gwajin lanƙwasa

In ya fito da zafi yana da laushi, kada ki ce bai yi ba. Sai ya huce sarai yake nuna halinsa. Ki bar shi a kan tayil ɗinsa. Masu faɗi da suka ɗan karkace, ki ɗora masu wani tayil tun da ɗuminsu su miƙe.

Duk gashi ina saka ɗan siririn yanki daga ragowar yumɓun, tsawon ɗan yatsa, kaurin kayan. In ya huce sai in lanƙwasa shi. Fimo ko Premo ko Cernit da ya gasu yana lanƙwasuwa ya dawo, in aka yanka shi da reza ya yanku sumul. In ya ce "ƙaras" ya karye, ko ya yi ta marmashi, bai gasu ba, duka tiren ya koma. Sculpey III shi dama yana da saurin karyewa in ya yi siriri ko ya gasu, don haka ba na yin 'yan kunne da shi.

In sama ya yi duhu ƙasa lafiya, rufi ne babu ko kin kai shi kusa da ƙarfen sama. In ƙasa ce ta ƙone, kin ɗora a kan baƙin tiren ƙarfe ba tayil. In gefe ɗaya ne, koma kan hoton biredinki. Ƙuraje da kumburi ba tare da ƙonewa ba kuwa, ba laifin obin ba ne, iska ce kika rufe a ciki lokacin murji. In kuma yumɓun tun kafin gashi yana farfashewa ya ƙi haɗuwa, wataƙila ya sha zafi a mota ko bakin taga. Da bazara garin nan yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe ya fi haka, kuma wannan ya isa ya fara taurara shi. Ki ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, ƙasa-ƙasa.

10. Idan ya ƙone

Ɗan wari kaɗan na roba lokacin gashi ba komai ba ne, taga a buɗe ta isa. Amma daga wajen digiri 175 yumɓun yana fara ƙonewa, ya yi baƙi, ya fitar da hayaƙi mai yaji da ke cin ido da maƙogwaro. Ki kashe obin, ki buɗe tagogi da ƙofa, ki fitar da yara da tsofaffi da mai ciwon asma, in kina kiwon tsuntsaye kusa da kicin su ma a ɗauke kejin. Kada ki buɗe farantin a ɗaki. Ki ɗauke shi a rufe da tsumma mai kauri ki kai tsakar gida ya huce can, sannan a zubar da shi duka har takardar. In obin ya yi sanyi, ki goge cikinsa da ruwan ɗumi da sabulu ko bekin soda, ki kunna shi babu komai na minti 20 taga a buɗe kafin ki sake saka abinci. Wadda hayaƙin ya shiga ƙirjinta tari ya ƙi tsayawa ta je asibiti.

Bayan haka ki koma mataki na 3 da littafinki, domin tamostat yana tsufa, ɗigon bara ba lallai ya zama na bana ba. Nawa duk shigowar hunturu da shigowar bazara nake sake gwada shi, kuma sau biyu ke nan ina goge jan farcen ina matsar da shi.